Bakin kogin Som ko Kamarg: ina za a je kallon tsuntsaye da kaka?

Wani ɗan'uwanmu a nan Damagaram zai tafi horo Faransa daga Satumba zuwa Nuwamba, ya ce hutun kwana biyu kaɗai zai samu, yana tambaya tsakanin wuraren nan biyu wanne ya fi dacewa. Malam, na taka duka biyun, ga abin da na gani.

Som tana arewa, inda kogin ya faɗa teku, tafiyar wajen awa biyu a jirgin ƙasa daga Pari, babban birnin ƙasar. Can akwai gandun tsuntsaye na Markanter da aka buɗe a 1973, an yi ƴan rumfuna na katako masu taga, ka zauna ciki tsuntsu bai san da kai ba. Abin da ya kama ni da wurin shi ne hanya ce ta matafiya. Tsuntsayen da suka yi ƙwai a arewacin Turai nan suke yada zango su ci su ƙoshi kafin su nufo kudu, wasunsu har su ƙetare Sahara. Ƙananan agwagin ruwan da muke gani a tafkin Gidimuni da hunturu, irinsu na bi ta waɗannan gaɓoɓi. Ranar da na gane haka sai na ji kamar na gamu da baƙon gidanmu a tasha.

Ga kuma dabbar tekun nan da Faransawa ke kira fok, mai kai kamar na kare, ba ƙafafu. Garkensu mafi girma a ƙasar yana nan, ana hango su kwance kan rairayi daga ƙauyen Urdel da ke bakin gaɓar idan teku ta janye. A nan sai ka yi hattara: ruwan yana dawowa da sauri ƙwarai. Duba lokacin cikowarsa kafin ka taka, kada kuma ka matsa kusa da dabbobin.

Kamarg tana kudu, kusa da birnin Arl, inda kogin Ron ya rarrabu. Fadama ce da gonakin shinkafa, ga fararen dawakai da baƙaƙen bijimai. A gandun Pon-da-Go za ka ga tsuntsun filamingo dab da kai, dogon wuya, gashi ja-ja-ja saboda ƙananan jatan landen da yake ci. Ga balbela da zalɓe kamar a gida. Sanyi da sauƙi, sai dai sauro a Satumba, da wata iska mai ƙarfi daga arewa.

Ni dai, in hutunka ya faɗo a Satumba ko farkon Oktoba, tafi Som, lokacin ne ayarin ke wucewa. Ka riƙi rigar ruwa da madubin hangen nesa, don can komai daga nesa ake ganinsa. In kuwa sai Nuwamba, arewa ta yi duhu da yayyafi, gara ka gangara Kamarg, filamingo na nan duk hunturu.