Brunei ko Kuching: ina ya fi dacewa da ɗan gajeren hutu?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: kana karatu a Kuala Lumpur, ka samu hutun 'yan kwanaki, kana son ka fita da iyalinka ku ga masallatai, ku ga yadda mutane ke rayuwa a bakin kogi, ku kuma shiga kurmi. Ka ce an ba ka shawarar wuri biyu a tsibirin Borneo, wato Bandar Seri Begawan, babban birnin Brunei, da Kuching, babban birnin jihar Sarawak ta Malesiya, kana so a zaɓa maka ɗaya. Ni dai Brunei zan ce maka, tunda masallatai ka fara ambata. Amma akwai inda Kuching ta yi mata nisa, kuma bai kamata a ɓoye maka ba.

A fara da masallatai, domin nan ne tazarar ta fi fitowa fili. Masallacin Omar Ali Saifuddien da ke tsakiyar Bandar an kammala shi a 1958, yana ɗauke da sunan sarki na 28 wanda ya gina shi. Fari ne tas, an yi masa ado da marmara daga Italiya, tulluwarsa an lulluɓe ta da zinare, ga tafki an kewaye shi da shi, a cikin tafkin kuma an gina siffar jirgin ruwan sarauta irin na ƙarni na 16. Abin da ya fi ƙawar ginin a wurina shi ne inda aka dasa shi. Yana dab da kogi, yana kallon unguwannin kan ruwa, har mutum na iya sauka daga kwale-kwale ya taka da ƙafa ya riski jam'i. Ka yi ƙoƙari ka yi Magariba da Isha'i a can, lokacin da aka kunna fitilu hoton masallacin ya kwanta a kan ruwa. Na biyun shi ne Jame' Asr Hassanil Bolkiah a unguwar Kiarong, wanda aka buɗe a 1994. Ya fi na farko girma, yana da tulluwar zinare 29 saboda Sultan Hassanal Bolkiah shi ne sarki na 29 a jerin sarakunan ƙasar, kuma yana kan gadon sarauta tun 1967. A can zan so ka yi Juma'a. Ranar Juma'a daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana doka ce a rufe kantuna da gidajen abinci da ofisoshi, saboda haka ku tanadi abin da yara za su ci tun da hantsi.

Kuching ma ba ta rasa masallatai ba. Akwai tsohon masallacin gari mai tulluwoyi ruwan zinare da aka gina a 1968 a kan tudu kusa da kogi, maƙabarta na kewaye da shi. Akwai sabon Masallacin Indiya da aka buɗe a 2019, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin Kogin Sarawak har ake ce masa masallaci mai iyo, da kuma babban masallacin jiha a Petra Jaya. Suna da kyau, za ka yi salla cikin natsuwa. Sai dai a Kuching masallaci ɗaya ne daga cikin abubuwan gari, yana zaune kafaɗa da kafaɗa da majami'u da wuraren bautar Sinawa, domin Musulmi ba su ne mafiya rinjaye a Sarawak ba. A Bandar kuwa garin ne gaba ɗaya yake bin lokacin salla. Duk wurin da ka zaɓa, ka san cewa mutanen 'yan mazhabar Shafi'iyya ne: liman zai bayyana Bisimilla a Fatiha, a Asuba kuma za a yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, ana ɗaga hannu ana amsawa. Kada hakan ya ɗaure wa uwargida kai idan ba ta saba ba.

Batun kogi shi ne ainihin dalilin da ya sa na karkata ga Brunei. Kampong Ayer gari ne sukutum a kan ruwa, unguwanni da dama da aka kafa a kan turaku cikin Kogin Brunei, an haɗa su da gadojin katako da na kankare. Ba wurin da aka shirya don baƙi ba ne. Dubban mutane ne ke kwana suna tashi a can, suna da makarantunsu da masallatansu, da ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, ga wutar lantarki da ruwan famfo. Da safe za ka ga ma'aikaci ya fito daga gidansa na kan ruwa, ya hau kwale-kwale mai inji, ya tsallaka cikin 'yan mintoci, ya shiga motarsa da ya ajiye a bakin gaɓa ya tafi ofis. Yara kuma da kayan makaranta suna jiran nasu jirgin. Kuma ba jiya aka fara ba: Antonio Pigafetta, wanda ya biyo ayarin jiragen Magellan, ya iso Brunei a 1521 ya rubuta cewa ya tarar da birni a kan ruwa. Daga nan aka mulki daular da a zamanin ƙarfinta ta mamaye gaɓar Borneo da yawa, har da Sarawak ɗin kanta. Ba duka ne ke da kyan gani ba, akwai gidajen da aka ƙaurace wa sun fara rubewa, akwai shara idan ruwa ya janye, gobara ma ta sha yi wa unguwannin ɓarna, matasa da yawa sun koma tudu. Wannan bai rage masa komai a idona ba, ai haka rayuwar gaske take. Ka tuna kawai cewa ƙofar gidajen mutane kake bi: ka yi sallama, kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, ka kuma riƙe hannun yara gam, don wasu gadojin ba su da makari.

Idan la'asar ta yi sanyi, ku yi ciniki da mai kwale-kwale ya kai ku gaba da gari. Za ku wuce ta bayan fadar Sultan, Istana Nurul Iman, wadda ake buɗe wa jama'a a bikin ƙaramar salla, sannan ku shiga cikin itatuwan da ke tsirowa a laka da ruwan gishiri. A nan ake ganin birin nan mai dogon hanci da ƙaton ciki wanda babu shi ko'ina a duniya sai Borneo. Akwai kada ma, don haka ba a tsoma hannu a ruwa.

Kogin Kuching na shaƙatawa ne. An gyara bakinsa, ana yawo da yamma, akwai gadar ƙafa ta Darul Hana da aka buɗe a 2017, da ƙananan jirage masu rumfa da ake kira tambang waɗanda ke tsallakar da mutane zuwa ƙauyukan Malayu irin su Kampung Boyan. Daga gaɓar za ka hango fadar Astana da aka gina a 1870 da ganuwar Margherita ta 1879, ragowar mulkin iyalan Brooke, Turawan Ingila da suka karɓi Sarawak daga hannun Sarkin Brunei a 1841 suka riƙe ta har 1946. Wuri ne mai daɗin zama, amma a can mutane na zaune ne a gefen kogi, ba a kansa ba.

To, ga inda Kuching ta yi fintinkau: dabbobi. Gandun dajin Bako, wanda aka kafa a 1957 kuma shi ne mafi tsufa a Sarawak, bai da nisa da gari. Mota za ta kai ka ƙauyen Bako, daga nan sai jirgin ruwa. Ƙarami ne, amma birai masu dogon hanci suna yawo har kusa da masaukin baƙi. Sannan ga Semenggoh, inda birai na orangutan da aka ceto suke zaune sake a daji, suna fitowa karɓar abinci safe da yamma. Lokacin da 'ya'yan itatuwa suka nuna a daji sukan ƙi fitowa, ba a yi wa kowa alkawari. Duk da haka, idan burin 'ya'yanka shi ne su ga orangutan da idonsu, Brunei ba za ta ba su wannan ba, kada wani ya ruɗe ka.

Abin da Brunei ke da shi shi ne kurmin da gatari bai taɓa ba. Arzikin man fetur da iskar gas ya sa ƙasar ba ta dogara da sayar da katako ba, sai dajin Ulu Temburong, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1991, ya tsira yadda Allah Ya halicce shi. Yankin Temburong a yanke yake da sauran ƙasar, gundumar Limbang ta Sarawak ce ta raba su. A da sai an bi jirgin ruwa zuwa garin Bangar, amma tun 2020 akwai gada mai tsawon kusan kilomita 30 da ta haɗa su. Daga inda titi ya ƙare sai a shiga dogon kwale-kwale siriri a yi ta haurawa kogi, wani wurin ruwan na gudu a kan duwatsu, wani wurin idan ya yi ƙasa sai an sauka an tura. Bayan haka ga matakala ɗaruruwa cikin zafi da gumi, kafin a isa hasumiyoyin ƙarfe da suka zarce kan bishiyoyi. Daga sama ba ka ganin komai sai kore har iyakar ganinka, da hazo kwance a kwari idan ka yi sammako. Za ka ji kukan tsuntsaye da birai fiye da yadda za ka gan su. Ba a shiga sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai izini, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa, ko mai goyo, hawan nan ba nasu ba ne. Su tsaya a tafiyar kogin, ita kaɗai ma ta isa.

A wajen abinci hankalinka zai fi kwanciya a Brunei, inda ba a sayar da giya kuma kusan duk inda ka shiga halal ne. Ku je kasuwar dare ta Gadong, ku ci nasi katok, shinkafa da soyayyar kaza da yaji, mai arha ƙwarai. Ku ɗanɗana ambuyat, wanda ake yi da garin sago, wato sitacin da ake cirowa daga cikin gangar wata bishiya dangin kwakwa, yana kama da tuwon rogo mai danƙo, ba a taunawa, naɗowa ake da tsinke a tsoma a miya a haɗiye. Kuching ta fi ta yawan kalolin abinci, laksarta, wato taliya cikin romo mai yaji, ta yi suna, amma dole ka riƙa duba alamar halal, musamman taliyar kolo mee da galibi ake haɗawa da naman alade; ta Musulmi a shagunan Malayu ake samunta.

Aljihu da takardu kuwa Kuching suke goyon baya. Kuɗin Brunei darajarsa ɗaya da dalar Singafo, don haka mai riƙe da ringit, kuɗin Malesiya, zai ji a jikinsa, musamman a masauki. Motocin haya ba su da yawa, bas na daina aiki da wuri, sai ka dogara da manhajar kiran mota ta Dart, alhali a Kuching Grab ɗin da ka saba da shi na nan. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Brunei, saboda haka ka je ofishin jakadancinsu a Malesiya tun kafin ka sayi tikiti. Sarawak kuwa cikin Malesiya take, amma tana da ikon kanta a kan shige da fice, za a duba fasfo a buga hatimi ko da daga Kuala Lumpur kuka taso, kada ku bar shi a gida. Ka kuma lura da lokaci: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama ya fi yawa, teku na yin fushi, wani lokacin har a dakatar da jiragen Bako.

Idan biza ta samu, ga yadda zan raba kwanakin: ku sauka ranar Alhamis ku yi Magariba a Omar Ali Saifuddien, Juma'a ku yi salla a Kiarong sannan ku bi kogi da yamma, Asabar tun da asuba ku kama hanyar Temburong, Lahadi da safe ku zaga Kampong Ayer a ƙafa kafin jirginku. Idan kuma bizar ta ja lokaci har hutun zai wuce, ka sayi tikitin Kuching kawai, ka kama ɗaki a Bako tun da wuri domin ku kwana ɗaya a cikin dajin.