Tsofaffin mazuban katako na adon gini: sun cancanci a saya?

Waɗannan mazubai da ake samu wurin dillalan kayan da, yawancinsu daga Ingila da Faransa suke, na ƙarni na 18 da na 19. An sassaƙa zanen ne a juye a cikin katako mai tauri da laushin jijiya, galibi boxwood: ganye, fure, jerin ƙwai da mashi, igiya. Wajen kaifin zane sun fi na roba na yanzu nesa ba kusa ba. Jijiyar ganyen da ba ta kai kaurin zare ba tana fitowa ras.

Sai dai mai saye ya sani, ba don POP aka yi su ba. An yi su ne don kompo, wato kwaɓin alli da gam na fatar dabba da man linsid da ƙaron itace. Ana ɗumama kwaɓin har ya yi laushi, a shafa wa mazubin mai kaɗan da burushi, a cusa, a danne da injin matsi, sannan a yanke bayan da wuƙa. Tun yana da ɗumi ake lanƙwasa shi yadda ake so, a turara bayansa gam ɗin ya farka, a manna. Kompo yana tsukewa in ya bushe, shi ya sa dogon layi kan tsage nan da can bayan shekaru.

Wanda ya zuba jiƙaƙƙen POP kai tsaye ya kashe kuɗinsa. Katakon zai sha ruwa ya kumbura, POP kuma yana ɗan buɗewa yayin daskarewa, sai ya maƙale. Wajen ɓamɓarowa da ƙarfe ne bakin zanen ke karyewa. Hanyar da ta fi ita ce a danna kompo ko kakin zuma a fitar da kwafi guda mai kyau, a zuba masa silikon, wato robar ruwa mai daskarewa, mai kaurin milimita 6 zuwa 10, a bar shi awa 24, a yi masa mariƙi na POP a baya. Daga nan a yi ta zubi a silikon ɗin, POP kashi 100 ga ruwa kashi 70 bisa nauyi. A kula: wasu tsofaffin mazuban cikinsu na farar wuta ne, ita kuwa in ta biyo kwafin tana hana nau'in silikon da ake haɗawa da sinadarin filatinom daskarewa.

Kafin saye a juya bayan. Ƙananan ramuka masu zubar da gari alamar ƙwaro na ciki ne har yanzu. A ɗora shi kan tebur a ga ko ya karkace, don karkatacce yana tsagewa a ƙarƙashin matsi. Wanda aka goge da samfefa aka shafa wa banish domin ya yi kyau a kanta, a bar shi, kaifinsa ya riga ya tafi.

Ga mai gyaran tsohon gini ko mai son zane na asali, guda mai lafiya ya cancanci kuɗinsa. Mai aikin silin na kullum kuwa, wanda ke buƙatar mita 50 a rana, sabon mazubin silikon ya fi masa.