Sandar fatsa don ƙaramin kifin roba: shekara biyu ina riƙe da St. Croix Premier

Sandar farko da na saya don jefa kifin roba tana nan jingine a gareji, bayan shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara. Duk sanda na kalle ta sai na ji kunyar kaina. Laifina ne, ba na kowa ba. Na shiga wani babban kantin kayan su a gefen Minneapolis, na ga sanda an rubuta swimbait a jikinta, wato sunan kifin roba da Turanci, na ce ai shi ke nan, abin nema ya samu. Tsawonta ƙafa 8, kaurinta a gindi ya kusa na muciya, kuma an rubuta tana ɗaukar abin jifa mai nauyin oza 1 zuwa 4. Ban karanta wannan rubutun ba sai da aikin gama ya gama.

Ni ɗan Yauri ne. Da gora da zaren lilo da tana na koyi fatsa a bakin kogin Kwara, a bayan kawuna wanda har yau su ne sana'arsa. A can ba mu san wani kifin roba ba. Sai da aiki ya kawo ni Minnesota, jihar da ke alfahari da tafkuna dubu 10 har a lambar mota, na ga mutane na yaudarar kifi da abin da ba ya ciwuwa. Kifin robar da nake magana a kai ɗan ƙarami ne, tsawon inci 3 zuwa 4, mai laushi, da wutsiya kamar tafin ludayi. Ana soka shi a ƙugiya mai kan darma, a jefa, a riƙa naɗe zare a hankali, wutsiyar na kaɗawa kamar ɗan kifin da ya ɓace wa uwarsa. Wanda na fi amfani da shi na kamfanin Keitech ne na Jafan, samfurin Swing Impact FAT mai inci 3.3 da mai 3.8.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kalmar swimbait tana da gida biyu. Asalinta daga kudancin Kalifoniya ne, tun shekarun 1980, inda masu farautar manyan kifin bas a tafkuna irin su Castaic suka fara ƙera ƙatta-ƙattan kifayen jabu masu kama da kifin tirawut da hukuma ke zubawa a ruwan. Irin waɗannan kan kai tsawon tafin hannu har da ƙari, suna da nauyi, don haka sandarsu ma ƙatuwa ce. Ita na saya. Na ɗaura mata ɗan kifin roba da bai kai rabin abin da take bukata ba, na tsaya a bakin kogin Misisifi kusa da garin Elk River, na wurga da iya ƙarfina. Sandar ko gezau. Kifin robar ya faɗi nan gabana, zare kuwa ya cukurkuɗe a cikin ril, wato keken naɗe zare, sai ka ce taliyar da ta caɓe. Na yi rabin sa'a ina tsintar zare da tsinken sakace.

Wani dattijo Bature da ke zaune a kan bokiti can gefe ya gaji da kallona, ya taso ya karɓi sandar, ya nuna mini ɗan rubutun da ke saman mariƙi da yatsa. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce sanda ita ke jifa, ba kafaɗa ba, kuma ba za ta yi jifa ba sai nauyin da ke bakinta ya isa ya lanƙwasa ta. Ya miƙo mini tasa na gwada sau uku. Jifa na uku sai da na ji kamar baka ce ta saki kibiya.

Mako biyu bayan nan na sayi irin tasa: St. Croix Premier, ƙafa 7, ƙarfi matsakaici, mai saurin baki, wadda ake ɗaura wa ril ɗin da ke rataye a ƙasa. Na zaɓi mai gaɓa biyu saboda ina da niyyar kai ta gida. A lokacin kuɗinta dala ɗari da 'yan kai ne. Kamfanin ya faro tun 1948, kuma masana'antarsa na Park Falls a jihar Wisconsin, maƙwabciyarmu. A jikin sandar an rubuta zare mai ƙarfin laba 6 zuwa 12, nauyin abin jifa kuma kwatan oza zuwa oza biyar bisa takwas, wato daga giram 7 zuwa kusan 18.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi, ni ma na yi. Nauyin da aka rubuta a ledar ƙugiya na kan darmar ne kaɗai. Robar ma tana da nata nauyin. Na ɗauki ma'aunin kicin na uwargida, wanda take awon fulawar cincin da shi, na ɗora kan darma mai kwatan oza tare da roba mai inci 3.3, ya ba ni wajen giram 13. Ka ga ya faɗa tsakiyar abin da sandar ke so, kuma a tsakiyar nan ne sanda ta fi daɗin jifa. Idan na sauka zuwa kan darma mai oza ɗaya bisa takwas, a ruwa marar zurfi inda duwatsu ke kama ƙugiya, har yanzu tana jefawa, amma nisan yana raguwa, musamman in iska na busowa ta gaba. Wanda ya san yawancin jifansa da wannan ƙaramin kan zai yi, gara ya sauka mataki ɗaya ya ɗauki mai ƙarfi tsakanin matsakaici da sassauƙa. Uwargida dai ta hana ni ma'aunin tun ranar da ta ji cincin na ƙarni, domin robar Keitech da warin wani naman teku ake haɗa ta.

Maganar saurin baki ita ce ta fi ba ni wuyar ganewa, don kalmar tana ruɗarwa. Ba gudu ake nufi ba. Ana nufin inda sanda ke fara lanƙwasa. Mai saurin baki, kashi ɗaya bisa uku ko huɗu na sama ne ke tanƙwarawa, sauran jikin yana tsaye ƙyam. Mai matsakaicin baki kuwa tana lanƙwasa har zuwa tsakiya. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda yadda bas ke cin kifin roba. Ba ya fizga kamar tarwaɗa. Yakan biyo ta baya, ya buɗe baki ya zuƙe, wani lokaci yana tahowa wajenka da shi. Abin da za ka ji ɗan ƙwanƙwasa ne, tik, ko kuma kawai kaɗawar wutsiyar da kake ji a tafin hannu ta ɗauke. Da Premier ina jin wannan kaɗawar sarai, kamar ƙaramar waya na rawa a aljihu, kuma da zarar ta tsaya na san ko ciyawa ta naɗe wutsiya ko baƙo ya iso. Girafait ne jikinta, shi ya sa take kawo saƙo haka. Sandunan da aka haɗa da zaren gilashi sun fi jure wahala, ka taka su ka jefa a bayan mota ba ruwansu, amma saƙonsu yana iso wa hannu a gajiye.

Sai kuma soke ƙugiya. A Yauri an koya mana fizga sama da ƙarfi. A nan in ka yi haka ka ƙwace abinci daga bakin kifi. Na yi asarar bas sun fi goma a bazarar farko kafin hannuna ya yarda. Abin yi shi ne ka ci gaba da naɗewa har ka ji nauyi ya sauka a sanda, sannan ka ja ta gefe kamar mai shara. Bakin mai laushi yana ba kifin wannan ɗan jinkirin, gindin mai ƙarfi kuma yana tura ƙugiya ɗayar nan ta shige. Ni zaren kitso nake sa wa ril mai lamba 2500, mai ƙarfin laba 10, sai in ƙulla masa kamu biyu na zare garai-garai mai laba 8 a baki. Zaren kitso ba ya miƙewa ko kaɗan, saboda haka duk tsallen da bas mai ƙaramin baki zai yi, sanda ce ke shanye shi. Wanda ya kai laba 4 da na kama a watan Satumba ya yi tsalle uku a kan ruwa yana girgiza kai, sandar ta bi shi ta dawo, ƙugiya ba ta fita ba.

Tsawon ƙafa 7 ya yi mini daidai. Daga gaɓa ina samun nisa, a cikin ƙaramin kwalekwale kuma ba ta dukan wanda ke bayana. Mariƙinta na ɓawon itacen nan ne da ake toshe kwalba da shi, ba ya sanyi a hannu ko a watan Oktoba, sai dai duk mariƙi irin wannan yana shan dauɗa, nawa yanzu ya koma launin ƙasa. Mahaɗar gaɓoɓin biyu nakan duba ta bayan kowane jifa ashirin ko talatin, in murɗa ta zauna.

A Disambar bara na zura ta cikin bututun roba na masu aikin famfo, na toshe bakin biyu da soso, na kai ta gida. Kawu ya juya ta a hannu ya daɗe, ya lanƙwasa bakin da ɗan yatsa, sannan ya ɗauki kifin robar ya sunsuna.

"Ɗana, wannan abin wasan yara ka ɗauko tun daga Amurka?"

"Kawu, a dai gwada."

"To, Allah Ya ba da sa'a. Amma kifin Kainji ba wawa ba ne."

Muka fita da asuba, hazo ya rufe ruwa, muka tsaya kusa da wasu duwatsu. Tsage ne suka fara amsawa, kuma amsar rashin mutunci: jifa huɗu, robobi uku sun dawo ba wutsiya, na huɗu har da zaren aka tafi. Haƙorin tsage ba ya barin zare garai-garai, kamar dai kifin faik na Minnesota, sai da na ƙulla 'yar waya a baki. Kawu yana ta dariya har da riƙe ciki. Can rana ta fara ɗagowa, na bar robar ta nutse sosai ina jan ta dab da ƙasa, sai sandar ta yi nauyi kamar na kama gungume. Giwan ruwa ne, ɗan matashi, bai wuce kilo 3 ba. Sandar ta lanƙwashe har kusa da mariƙi, ril na ta kuka, amma ta kawo shi bakin jirgi.

Nan iyakarta take, kuma ba ta ɓoye ba, a rubuce yake a jikinta. Giwan ruwan da ya amsa sunansa, mai kilo 20 ko 30, zai zare zaren nan kaf ya bar ka da sanda a hannu. Wanda ke son irin wannan ya nemi kaya masu nauyi, wataƙila ma ƙatuwar nan tawa ta gareji. Ita ce nake shirin kai wa Kawu a zuwa na gaba, don da zan taho sai da ya riƙe hannuna a tashar mota ya ce in bar masa robobin da suka rage, har da guntayen da tsage suka ci wutsiyarsu.