Ciwon ƙirji a Legas: asibitin gwamnati ko na kuɗi?

Da yawanmu a Agege da Mile 12, in ƙirji ya riƙe mutum sai ya nufi kemis a ba shi maganin olsa. Abin yana damuna, domin mai kemis ba shi da na'urar duba zuciya. Zaɓin da ya rage biyu ne: babban asibitin gwamnati, ko asibitin kuɗi na unguwa.

Asibitocin koyarwa na gwamnati, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, suna da likitocin zuciya da sashen gaggawa dare da rana. Can za a yi wa mutum ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, a ɗebi jini a auna troponin, sinadarin da ke ƙaruwa idan tsokar zuciya ta ji rauni. Kuɗin ma da sauƙi. Matsalar ita ce cunkoso, wani lokaci a rasa gado, ga kuma gosulon hanya ga wanda ke nesa.

Asibitin kuɗi yana karɓa da sauri, amma galibi sai an ajiye kuɗi, kuma ƙananan da yawa ba su da likitan zuciya.

Ni a ganina yanayin ciwon ne ke yanke hukunci. In ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora buhu, ciwon yana gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi da sarƙewar numfashi, a kira 112 ko 767, ko a garzaya asibiti mafi kusa mai ECG, kada mara lafiya ya tuƙa kansa. In kuwa ciwo ne mara tsanani da ya yi makonni yana zuwa yana tafiya, zan kai ɗan'uwana na gwamnati a yi cikakken bincike.