Maikuroskof mai ido biyu ko na USB don gwajin fitsari

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sabon lab ɗin albarka. Game da tambayarka ta wanda za ka saya don gwajin fitsari, tsakanin maikuroskof mai ido biyu da ƙaramin nan na USB da ake jonawa a waya, ɗauki mai ido biyun, ko da sai ka ƙara jinkiri kafin kuɗin su cika.

Nawa Olympus CX23 ne mai fitilar LED, ƙaramar sola ma tana ɗaukarsa. Yawancin fitsarin da ake kawo mana na yaran da ke wanka a dam da gonakin shinkafa ne, wato tsargiya. Ƙwan tsutsarta ba ya ɓuya, dogo ne, maikiron 110 zuwa 170 (maikiron 1000 ne milimita ɗaya), da ƙaya guda a ƙarshensa. A tabarau mai 10x za ka gan shi, muddin an karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, aka tace mililita 10 ko aka juya shi a santirifuj, injin da ke juya samfuri don abin da ke ciki ya kwanta a ƙasa.

Amma ranar da na san darajar na'urar nan, fitsarin wani dattijo aka kawo, fari fat kamar madara. Na juya shi, na ɗiga abin da ya kwanta a ƙasa kan gilashi, sai ga wata siririyar tsutsa tana ta murɗewa. 'Yar tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa ce, da wuya ake samunta a fitsari. Likita ya sa aka ɗebi jininsa da dare, aka same ta a can ma. Bawan Allah ya daɗe yana shan maganin sanyi a banza.

Trichomonas kuwa, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta jima'i, sai a 40x, kuma fitsarin da ɗuminsa, don da motsinta ake gane ta.

Na USB ina da shi, iyakarsa duba fata. Haskensa daga sama yake, ba ya ratsa gilashi, 1000x ɗin da ke kwalin kuwa hoto kawai yake kumburawa.

Ka kula da masu sayar da na hannu. Wasu kan cire ruwan tabarau na asali su ɗaura na banza, wasu kuma fumfuna ta riga ta ci nasu ta ciki. Tafi da gilashinka mai samfuri, ka karanta sunan kamfani a jikin kowane tabarau, ka murza ƙaramin maɓallin saiti ka ga ko hoton yana zamewa. In ya ce sai ka biya kafin a kunna, bar masa kayansa.