Ƙarfen ɗaga injin cika harsashi ya raba ni da ciwon ƙugu

Jama'a wannan magana ta 'yan uwa ce da ke zaune nan Amurka masu sha'awar farauta, don a nan doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa da kansa muddin ba na sayarwa ba ne, kada wani a gida ya ce ni na aike shi, can lamarin daban ne. Ni dai abin gado ne, kakana maharbi ne da adakarsa da gorar albarushinsa, sai ga jikansa a gareji a Texas yana fama da inji.

Injina Rock Chucker ne na kamfanin RCBS, irin wanda kowane kwanso, wato ɓawon harsashin da ake zuba albarushi a ciki, sai ka ja hannun ƙasa ka maido shi sama, ɗaya bayan ɗaya. Da na saye shi ban yi wani tunani ba na ɗaure shi a wani tsohon teburin ofis mai tsayin inci 30, wanda dama don zama aka yi shi, ni kuma a tsaye nake aiki. To hannun injin in ya sauka har ƙasa da leɓen teburin yake zuwa, ma'ana duk ja ɗaya sai na ɗan rusuna kamar mai gaida surukai, kuma ka lissafa kwanso ɗari biyu kowanne sai ya bi ta injin fiye da sau ɗaya. Wallahi akwai asubar da ruku'u ya nemi ya gagare ni, maman yara har ta fara cewa tsufa ne.

Wani dattijon bature maƙwabcina ne ya leƙo ya gan ni a duƙe, ya ce in saki injin in tsaya daidai, in riƙe ƙwallon hannun in kai shi ƙarshen saukarsa, in har kafaɗata ta faɗi ko bayana ya lanƙwasa to injin ya yi ƙasa. Shikenan gwajin fa, ba wani lissafi. Shi ya nuna min Ultramount na kamfanin Inline Fabrication, wata 'yar kujera ce ta ƙarfe da kake ɗaurewa a kan teburi sannan injin ya hau kanta. Babbar tana ƙara inci tara da 'yan kai, akwai kuma gajeru. Da na ɗora sai injin ya tashi kusan inci 40 daga ƙasa, daidai ni.

Ƙarfen mai kauri ne gaskiya, ko a wajen matse kwanso ya koma girmansa, wanda nan ne ake sa ƙarfi sosai, ban ji tana rawa ba. Abin da ma ban zata ba shi ne ido, yanzu kwanson yana kusa da fuskata ina leƙa cikinsa in ga albarushin da na zuba ba sai na sunkuya ba, kuma duk mai wannan aikin ya san leƙawar nan ba wasa ba ce. Durowar teburin ma da injin ya tare ta shekara guda yanzu tana buɗuwa, na samu sifanar da nake ta zargin yara sun ɗauke.

Kuskure ɗaya na yi kuma nawa ne, teburin ba shi da nauyi, da injin ya yi sama sai duk jan da na yi ƙafafun baya su nemi tashi. Dole na ɗaure shi da bango na ƙara katako a ƙarƙashi kafin noti ya kama da kyau.

In kai mai aiki a zaune ne ko teburinka ya kai inci 36 kamar kantar kicin, babbar za ta iya yi maka tsayi, kafaɗa kuma ta karɓi wahalar da ƙugu ya ajiye. Kafin ka fidda kuɗi ka jera guntayen katako a ƙarƙashin injin ka ɗaure su tam, ka ja hannun babu komai a ciki kamar sau hamsin, ka ƙara ka rage har ka ji daidai, sannan ka sa tef ka auna. Kuma ka auna da takalmin da kake shiga garejin da shi, ni da silifas na fara aunawa.