FreeCAD 1.0 da zanen yanka: abin da na gani a aikin gidan boris na injin niƙa

Aikin da ya sa na zauna da manhajar zanen injiniya ta FreeCAD sosai shi ne wani gidan boris na injin niƙa da ya tsage, aka rasa irinsa a kasuwa, sai aka yanke shawarar a zuba sabo sannan a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya daidaita cikinsa. Abin da za a ƙera faifai ne mai ramukan noti uku, da kumburi a tsakiya inda boris mai lamba 6205 yake zama, da haƙarƙari uku masu tokare kumburin, da kwarmin zoben da ke hana boris fita, da ɗan ramin zuba giris. Duk abin da yake da muhimmanci a cikin wannan ƙarfe yana ciki ne, inda ido ba ya gani daga waje. Idan aka zana shi da layukan ɓoye, wato layukan nan masu tsinkewa, sai su hau kan juna har mai karanta zanen ya kasa bambanta kwarmin zobe da kafaɗar da boris yake jingina a kai. Maganin wannan a wajen masu zanen injiniya shi ne zanen yanka: a ɗauka an raba abin gida biyu kamar yadda ake raba kankana, a jefar da rabin da ke kusa da ido, a zana fuskar da ta bayyana, sannan a cike wuraren da wuƙa ta ci da jeren layukan karkace.

FreeCAD manhaja ce ta kyauta wadda kowa yake iya ganin rubutun da aka gina ta da shi ya kuma gyara, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an saukar da ita. An fara fitar da ita a 2002, amma sai a watan Nuwamba na 2024 ta kai siga ta 1.0. Lissafin siffofi da take yi ya dogara ne a kan Open CASCADE, wanda asalinsa aikin kamfanin Matra Datavision ne na Faransa. Sashen da ake fitar da zanen takarda a cikinta sunansa TechDraw, ya shigo a siga ta 0.17 a 2018, kuma shi ne abin da nake magana a kansa a nan.

Yanka na farko, wanda ya bi ta tsakiya kai tsaye, bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Na buɗe takardar A3, na ɗora hoton gaban faifan, na zaɓe shi, na danna Section View. Sai wani allo ya buɗe a gefe inda ake rubuta harafin yankan, a nuna ɓangaren da ake so a kalla da kibiya, a kuma rubuta inda wuƙar za ta bi da lambobi uku. Da na amince, layin yanka ya fito a kan hoton farko da harafin A a kowane ƙarshensa, sabon zanen kuma ya bayyana a gefe da sunansa a ƙasa. Abin da na fi yabawa shi ne yankan na gaskiya ne, domin manhajar tana raba siffar kanta sannan ta lissafa abin da ya rage. Saboda haka da na ɗora awo a kan mazaunin boris ya ba ni milimita 52 daidai, wanda shi ne faɗin wajen 6205, zurfin mazaunin har zuwa kwarmin zobe kuma ya ba ni 15, wanda shi ne kaurin boris ɗin. Da na koma na ƙara kaurin faifan a cikin siffar, zanen yankan ya bi canjin ba tare da na sake zana komai ba. Wanda ya taɓa goge rabin takarda a kan allon zane saboda an canza milimita biyu zai san darajar wannan.

Ramin giris bai faɗa a kan layin tsakiya ba, yana can a karkace tsakanin haƙarƙari da ramin noti, don haka yanka miƙaƙƙe ba zai nuna shi ba. A nan ne Complex Section, wanda aka ƙara a siga ta 0.21 a 2023, ya yi amfani. Ana zana layi mai lanƙwasa a kan siffar, ya taso daga gefe ya zo tsakiya sannan ya karkata ya bi ta ramin, a zaɓe shi tare da hoton farko, sai a faɗa wa manhajar yadda za ta shimfiɗa sakamakon. Zaɓin Offset na yankan da ke hawa kamar matakala ne, zaɓin Aligned kuma yana juyo ɓangaren da ya karkace ya miƙe shi a kan takarda yadda tsawonsa na gaskiya zai fito. Na yi amfani da na biyun, ramin giris ya fito da zurfinsa daidai. Sai dai hanyar tana da tsawo, domin dole a bar takardar zane a koma wajen siffar a zana layin, sannan a dawo. Zai fi sauƙi da a ce ana iya jan layin a kan takardar kanta.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin ya kamata duk mai son amfani da manhajar ya buɗe ido, shi ne maganar haƙarƙari. Yankan tsakiya ya bi ta tsawon haƙarƙari ɗaya, TechDraw kuwa ya cike shi da layukan karkace tun daga faifai har kumburi, kamar yadda ya cike sauran wuraren. Ta fuskar lissafi bai yi kuskure ba, domin wuƙar ta ci ƙarfe a wurin. Amma ƙa'idar zanen injiniya, ko ta ISO 128 ko ta ASME Y14.3 ta Amurka ko BS 8888 ta Birtaniya wadda ta gaji BS 308, ba ta yarda da haka ba. Haƙarƙarin da aka yanka ta tsawonsa ana barinsa fari, kuma dalilin a bayyane yake: kaurinsa milimita 8 ne kawai, idan aka cike shi da layuka sai ya yi kama da dunƙulen ƙarfe mai kewaye kumburin gaba ɗaya.

Na ga gaskiyar wannan ƙa'ida da idona. Na kai bugun farko na zanen wa dattijon da zai sassaƙa samfurin katako na zubin, ban gyara wurin ba. Ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya danne gefenta da guduma saboda iska, ya ɗora yatsa a kan haƙarƙarin ya ce, "Injiniya, nan duk cike yake kamar mazurari? In haka ne ƙarfen zai yi nauyi, kuma kuɗin ba zai tsaya yadda muka yi ba." Na ce masa, "A'a Baba, tokara ce siririya guda uku, zan sake kawo muku zanen." Ya karanta abin da aka rubuta masa daidai, zanen ne ya faɗi abin da ba a nufa ba.

Gyaran yana yiwuwa, amma da hannu. Zanen yanka yana da saitin yadda fuskar da aka yanka za ta bayyana, mai zaɓi huɗu: a ɓoye ta, a shafa mata launi, a cike ta da zane daga fayil ɗin hoto na SVG, ko a cike ta da layukan PAT, wato salon jera layuka irin na manhajar zane ta AutoCAD. Na zaɓi ɓoyewa, na ja layukan ƙari na raba haƙarƙarin da jikin faifai da kumburi, sannan na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya ina cikewa da layukan karkace a kusurwar digiri 45, na bar haƙarƙarin fari. Layukan PAT sun fi fita tsaf a takarda, shi ya sa na fi son su. Aikin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba, sai dai duk lokacin da aka canza siffar sosai akwai buƙatar a koma a duba ko layukan ƙarin suna nan inda aka bar su. A SolidWorks, wata manhajar zane ta kasuwa, akwai wurin da ake zaɓar haƙarƙari da sassan da ba a so a yanka tun kafin zanen ya fito, kuma wannan bambanci ne na gaske tsakanin manhajojin biyu.

Matsalar ta sake fitowa da na haɗa gidan da sandar injin da boris da notuna don zanen haɗi. A ƙa'ida ba a yanka sanda, ko noti, ko ƙwallayen boris ta tsawonsu, domin babu abin gani a cikinsu, kuma sassa biyu da ke maƙwabtaka ana karkata layukansu zuwa ɓangarori daban-daban don a ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. TechDraw yana yanka duk abin da aka ba shi, ya kuma cike da layuka iri ɗaya masu fuskantar gefe ɗaya. Hanyar fita ita ce dai ta farko, a ɓoye a bi da hannu ana juya kusurwa.

Akwai wani saiti da ya kamata a duba tun kafin a fara, wato tsarin jera hotuna. A tsarin kusurwa ta ɗaya, wanda ya fi yawa a Turai, abin da aka kalla daga hagu ana ajiye shi a dama. A tsarin kusurwa ta uku na Amurka kuwa yana zama a hagun. Manhajar tana da duka biyun, tana kuma da zaɓin salon layin yanka na ISO ko na Amurka. Ana koyar da tsarin biyu a darasin zanen fasaha a makarantunmu, masu ƙira kuma suna karɓar zane daga ko'ina, don haka kada a bar takarda ta fita ba tare da alamar tsarin a akwatin suna ba. Zanen yankan kansa ana iya jan shi a ajiye ko'ina a takarda, saboda haka alhakin ajiye shi a gefen da ya dace da kibiyoyin yana kan mai zane.

Ta fuskar sauri, lissafin layukan da ake gani da waɗanda suka ɓuya shi ne aiki mafi nauyi. Gidan boris shi kaɗai yana fitowa nan da nan, amma da zarar an saka noti mai zare na gaskiya a cikin siffar sai kwamfuta ta fara jan ƙafa, musamman idan an bar zaɓin da ke sabunta zanen a duk lokacin da aka taɓa lamba. Gara a kashe shi, a kuma zana notuna sumul ba zare, a nuna zaren da alamarsa ta ƙa'ida. Awo ma yakan saki gefen da aka ɗaure shi idan aka yi wa siffar babban canji, domin manhajar tana gane gefuna da lambobi ne, lambobin kuma suna iya sauyawa. Siga ta 1.0 ta rage wannan ƙwarai, akwai kuma abin gyara da ke mayar da awo inda yake, amma ni ban daina bin awo ɗaya bayan ɗaya kafin bugawa ba.

A ganina TechDraw ya isa ga ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha, da malamin zane, da ƙaramin wurin ƙira da ke fitar da zanen sassa ɗai-ɗai, musamman idan aka tuna cewa manhajojin kasuwa ana biyan lasisinsu da dala. Sharaɗin shi ne mai amfani ya zo da sanin ƙa'idar yanka a kansa, domin manhajar ba za ta tuna masa ba. Ofishin da ke fitar da zanen haɗi mai sassa da yawa kowace rana kuwa zai ɓata lokaci mai yawa wajen gyaran layukan karkace, kuma ya kamata ya lissafa wannan lokacin kafin ya yanke shawara. Zanen da na mayar wa dattijon a bugu na biyu ya fita a PDF, takarda ɗaya ta A3 mai hoton gaba, da yankan A–A mai farin haƙarƙari, da yankan B–B mai nuna ramin giris, kuma da ita aka sassaƙa samfurin katakon, da ita kuma aka daidaita mazaunin boris.